Kular Gwaten Mama

Ban san adadin gidajen cin abincin da na zauna a cikinsu tsakanin Barnawa da Narayi ba, amma na san na gaji da su. Na gaji da dogayen kujerun nan da sai mutum ya yi ɗan tsalle kafin ya hau, ƙafafunsa na lilo. Na gaji da sanyin na'ura mai shiga ƙashi, da kiɗan da ke sa mutum ya ce "me kika ce?" sau uku kafin ya haƙura ya riƙa gyaɗa kai kawai. Na gaji da takardar jerin abinci mai shafi shida, wadda duk abin da ka nuna a cikinta za a ce maka ya ƙare, sai dai shinkafa da kaza. Duk da haka, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata nakan yi wanka, in ɗaura ɗankwali, in tari keke daga unguwarmu ta Television in nufi ɗaya daga cikinsu, domin a can ne kaɗai nake ganin ƙawata.

Gida ɗaya muka tashi da ita a Kakuri, gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Iyayenmu maza duka a masaƙa suke aiki. Nata Bahaushe ne daga wajen Katsina, nawa kuma daga ƙauyenmu na kudancin jihar ya zo, da akwatin ƙarfe da Littafi Mai Tsarki a ciki. Jiniyar masaƙa ce ke tashinmu da safe, ita ce kuma ke gaya wa iyayenmu mata lokacin ɗora tukunya. Ban iya tuna ranar da na ci abinci ni kaɗai a gidan nan ba. In uwarta ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, a ƙofar ɗakinsu za a same ni. In Mama ta ɗora gwate, faten tsaki irin na mutanenmu, ita ce ke fara zuwa da cokalinta a hannu tun ba a sauke ba. Ranar jajiberin Kirsimeti babana ba ya taɓa wuƙa. Shi dai ya riƙe akuyar, babanta ya zo ya yanka, don kowa a gidan ya ci ba tare da tambaya ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abin a zo a gani, haka ake yi kawai.

Sai masaƙa ta rufe, sai kuma garin ya rikice, ba sau ɗaya ba. Ba zan ba da wannan labarin ba, duk wanda ya zauna Kaduna yana da nasa. Abin da ya shafe ni shi ne wata safiya aka ɗora kayansu a bayan a-kori-kura suka haye gadar kogin Kaduna zuwa arewacin gari, mu ma bayan 'yan watanni muka ƙara matsawa kudu. Ta yi aure can, na yi aure nan, ba wadda ta je bikin wata.

Bayan shekaru masu yawa muka sake haɗuwa a asibitin ido, kowacce da tsohon tabarau a hannu tana jiran layi. Ita ta gane ni, wai da tafiyata. Ta zama Hajiya, ta yi jiki, tana sayar da atamfa da leshi, tana tuƙa motarta da kanta. Ni kuma ina aikin sakatariya a wata masana'anta a Kudenda, da miji da 'ya'ya uku, ga Mama da ta dawo wurina tun rasuwar Baba. Muka rungume juna muka yi ta kuka har wata nas ta ce mu rage murya. Da za mu rabu ta ce mu haɗu ranar Asabar a Barnawa, akwai wani sabon wuri mai gasasshen kifi. Barnawa tsakiya ce. Tana gefenmu na kogi, amma kowa na shiga, ba mai kallon shigar wani. Ban ga komai a cikin zancen ba a lokacin, murna kawai nake yi.

Ranar farko ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kifin ya huce a gabanmu muna ta tonon tsofaffin labarai, na mai gidan hayarmu da ke sa wa famfo kwaɗo in ransa ya ɓaci, da na ranar da muka saka takalman iyayenmu mata muka tafi kallon jirgin ƙasa aka yi ta cigiyarmu. Muka yi dariya har hawaye. Muka tashi da alkawarin haɗuwa kowane wata, kuma mun riƙe shi, ko ruwa ake yi ko rana.

Ita ke zaɓen wuri, don ita ce mai bin labarin sababbin wurare a waya. Gidajen abinci kuwa a wannan gefen gari ba sa daɗewa. Wanda muka ci a cikinsa bara, bana za ka tarar ya zama shagon kujeru ko coci. Sai a buɗe wani gaba kaɗan, da fitilu masu launi da ciyawar roba a bango da dogon suna na Turanci, amma shinkafar ita ce dai, har da ɗan kabejin da ake ɗorawa a gefe. Mun ci shawarma da kabejinta ya fi namanta yawa. Mun ci taliyar da aka laƙaba wa sunan wata ƙasa don a ji daɗin tsawwala mata kuɗi. Akwai inda aka kawo mana nama a kan katako, wai shi ake yayi, alhali na tabbata faranti na nan a kicin yana hutawa. Ni dai ina ci ina mita, ita kuma tana cewa har yanzu bakina bai mutu ba.

Yawancin wuraren da za ka samu ka zauna ba tare da hayaniyar bikin ranar haihuwa ba suna da mashaya a ciki, irin ta zamani, inda ake haɗa giya da lemo da 'ya'yan itace a girgiza a gwangwani. Ƙawata ba ta taɓa cewa kada mu shiga ba. Abin da take yi shi ne ta zaɓi kujerar da za ta ba kwalaben baya, ta gyara mayafi, ta ce a kawo mata capman, jan lemon nan mai ƙanƙara. Kowane wata sai ta tambaya, "Babu komai a ciki, ko?" Kowane wata kuma a ce mata babu. Ni ma capman nake sha a gabanta, ko da raina na son wani abu mai ɗan ɗaci bayan mako guda ina buga takardu. Kofi biyu, da yankan kokwamba, da 'yar lemar takarda da har yau ban san amfaninta ba. In la'asar ta yi sai ta tambayi inda za ta yi salla, a nuna mata bayan janareta inda masu gadi ke shimfiɗa tabarma, ni kuma in zauna gadin jakarta. Kafin magariba ta miƙe, domin ba ta son duhu ya same ta a wannan gefen gada. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na sani, kuma abin yana yi min ciwo.

A hankali tsofaffin labaran suka ƙare, sababbi kuwa ba mu da su tare. Ban san launin ƙofar gidanta ba, ita ma ba ta san nawa ba. 'Ya'yanta a waya nake ganinsu. Ta miƙo min hoto in ce masha Allah, in miƙa mata nawa ta ce kai, sun girma. Daga nan sai mu ɗauki hoton abinci, mu yi ƙorafin tsadar gari, mu yi gulmar shigar 'yan matan teburin kusa. Wata Asabar na ɗago kai na ga mun daɗe kowacce na latsa wayarta, ƙanƙarar kofunanmu ta narke. Na koma gida da ciwon kai da irin ƙoshin nan mara daɗi.

A gida kuma Mama na jira. Gwiwoyinta sun hana ta yawo, daga ɗaki sai baranda, sai coci ranar Lahadi in an samu mai kai ta. Duk ranar da na dawo tambayarta ɗaya ce: "Ina 'yata? Yaushe za ta zo?" In ce tana gaishe ki, harkoki ne suka yi mata yawa. Mama ta ce waɗanne irin harkoki ne mutum zai zo har Barnawa ya kasa ƙarasowa Television, tafiyar da kafin ruwan shayi ya tafasa an iso. Abin da take so ba shi da yawa. So take yarinyar da ta sha goyawa ta shigo gidanmu, ta zauna a ƙasa, ta ci abin da ta dafa mata da hannunta, tun tana da ran ganin haka. Ni ma abin da nake cewa ina so ke nan. Duk sanda za mu rabu nakan ce wa ƙawata ki zo gida mana, Mama na cigiyarki, ta ce in sha Allahu. In hau keke ina ƙunƙuni, ina cewa a raina kuɗi sun canza ta, unguwarmu ce ba ta kai matsayinta ba. Laifin duka a kanta na ɗora shi, kuma ya zauna daram.

Wata Juma'a da yamma na dawo daga aiki na tarar Mama ta sa an fito mata da babbar tukunya. Ta ce gobe da ita za a je wurin haɗuwarmu da ƙawata. Na ce Mama, wurin ba irin naki ba ne, akwai bene, akwai kiɗa, akwai masu shan giya. Ta ce ta ga masu shan giya tun ba a haife ni ba, a ƙauyenmu da rana tsaka ake shan burkutu kuma ba wanda ya cinye ta. Da safe ta sa mijina ya kai ta kasuwar Kakuri, ta zaɓi kaza da kanta, ta tsaya a kan malamin da ke yanka har ya gama, don ta iya cewa da idonta ta gani. Ta dawo ta zauna a kujera 'yar tsugune ta yi gwaten da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, da tsakin masara da yakuwa da gauta da alayyahu, da gyaɗar da ta hana a kai inji, wai sai turmi. Ta zuba shi a babbar kularta mai ruwan ƙasa, wadda 'yan zumuntar mata na cocinmu suka ba ta, wadda ko Kirsimeti ba kullum take fitowa ba. Na ce mata ba a shiga irin wuraren nan da abinci. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce a ina aka taɓa zuwa ganin mutum hannu rabbana.

Wurin wannan watan a hawa na biyu yake. Muka hau bene a hankali, taki ɗaya hutu ɗaya, kula a hannuna na dama, Mama a na hagu. Tun daga ƙofa ta fara gaisuwa. Ta gaida mai gadi ta tambaye shi mutanen gida. Ta gaida matar da ke tsaye da takardun abinci. Ta gaida wasu masoya biyu da ke shan askirim, suka rasa yadda za su yi, suka ajiye cokula suka amsa. Da muka zo gaban kantar mashaya ta tsaya ta ƙare wa kwalaben kallo, ta yi wa mai haɗa abin sha sannu da aiki, sannan ta tambaye ni a kunne, da muryar da kowa ya ji, ko kemis ne. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙawata na zaune a lungu ta ba kwalabe baya kamar kullum, don haka ba ta gan mu ba sai da muka tsaya a kanta. Ban gaya mata da Mama zan zo ba. Ta ɗago kai, ta miƙe, wayarta ta faɗi, sai kawai ta zube a kan tayil, da leshinta da gwala-gwalanta da komai, ta kama ƙafafun Mama. Ba abin da take cewa sai "Mama, Mama." Mama ta dafa kanta, ta ce ta yi ƙiba, ta ce haƙorin Makkan ya yi mata kyau, sannan ta tambayi lafiyar uwarta. Ƙawata ta dube ni, ta dubi Mama, ta ce ai Inna ta rasu, an kwana biyu.

Ni na sani. Na yi mata gaisuwa a waya a lokacin, na sake yi mata a kan tebur irin wannan, amma na ɓoye wa Mama, domin na san in ta ji za ta ce sai an kai ta gaisuwa hayin gada. Mama ta zauna a hankali, ta yi addu'a a harshenmu, ta share ido da bakin zane. Ta kalle ni sau ɗaya.

Mai kawo abinci, wata mata siririya da baƙar riga, ta ajiye mana takardu uku. Mama ta karɓi tata ta shiga fifita da ita. Can sai ta jawo kular tsakiyar tebur ta buɗe. Ƙamshin yakuwa da gyaɗa ya tashi ya danne turaren wurin, har mutanen teburin kusa suka waiwayo. Ta ce wa matar ta kawo kwano uku da cokula, ta ƙara da na huɗu ita ma ta ɗanɗana. Sannan ta juya ga ƙawata.

"Malam ne ya yanka, a gabana. Ci abinki."

Matar ta tafi, amma ba da kwanuka ta dawo ba, da manaja ta dawo, wani mutum mai ladabi da kwat. Ya rusuna ya gaida Mama, ya ce don Allah ta yi haƙuri, ba a cin abincin waje a nan, doka ce daga sama, in ya bari zai iya rasa aikinsa. Mama ta sa na maimaita mata. Da ta gane sai ta ce masa, ɗana, wannan ai shi ne abincin gida, naku ne na waje. Ya yi dariya, ya ce gaskiya ne, shi ma rabonsa da gwate tun rasuwar kakarsa, amma dokar na nan. Ƙawata ta roƙe shi, ta ce cokali biyu kawai za ta yi. Ya nuna mata kyamarar da ke saman kanmu, ya ce mai wurin yana kallo daga wayarsa. A cikin mu duka ni na fi matsuwa a rufe kular, don ina jin idon mutane a ƙeyata. Mama ta mayar da murfin ta ɗaure shi tam.

Aka kawo mata soyayyen dankali da kaza. Ta ɗan tsakura, ta tambayi wadda ta dafa don ta yi mata sannu, aka ce namiji ne kuma ba ya fitowa. Ta kurɓi capman ta ce zaƙinsa kamar maganin tarin yara, ta lasa 'yar lemar takardar ta saka a jaka za ta kai wa autana. Amma hira ta yi ta, irin wadda mu biyu muka daɗe ba mu yi ba. Ta tambayi 'ya'yan ƙawata ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi kama da wa, wa ke da rigima. Ta tuna mata ranar da ta haɗiye kwabo aka yi ta ba ta man ja. Ƙawata ta riƙe hannunta ba ta saki ba har lokacin tashi ya yi.

Da za mu sauka Mama ta tura mata kular, ta ce ta tafi da shi gida ta ɗumama ta ci da yara. Ƙawata ta ce bari a karɓo roba a juye, don kada kular ta yi nisa. Mama ta ce a'a, gwate ba ya son roba, ta tafi da ita haka.

A cikin keke na yi ta faɗa. Na ce kin ga abin da na gaya miki, an kunyata mu a banza, ga shi kin ba da kular da kike ji da ita. Mama na ta kallon titi, sai da na gaji na yi shiru ta ce, "Ke dai kin yi boko amma ba ki da wayo. Uwarta ta yi mata tarbiyya. Da ƙafarta za ta kawo min kulata."

Sai a lokacin na gane. A gidanmu na Kakuri kwano ba ya daɗewa a ɗakin da aka kai shi, kuma ba ya komawa wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai an saka a ciki. In kuwa babba ne ya dafa maka abu musamman, ba ka aika wani da kwanon. Kai za ka ɗauka ka je ka durƙusa ka ce an gode. Mama ta san ba za a bar ta ta ci gwate a wurin nan ba, ko kuma ba ta damu ba. Tarko ta je ɗanawa, da tsohuwar tarbiyya, kuma ta tabbata zai kama.

Daga ranar ta shiga shiri. Ta sa aka wanke labulen falo. Ta aiki mijina ya sayo sabuwar buta da darduma, ta tambaye ni ina ne gabas a ɗakin baƙi, ta sa aka matsar da gadon. In ta ji ƙarar mota a layinmu sai ta ɗaga kai daga baranda. Mako ɗaya ya wuce, biyu, uku. Ina tausayinta, amma can ƙasan raina jira nake gaskiyata ta fito, in ce ai na faɗa.

Ƙarshen wata ya zo a tsakiyar damina. Wannan karon wani wuri ne a kan rufin bene, an kafa rumfa, ruwa na ɗiga ta gefe cikin bokitin da aka ɓoye a bayan tukunyar fulawa. Na tarar ta riga ni zuwa, ta ma sa an kawo mana capman. Na duba tebur, na duba ƙasa kusa da jakarta, ba kula. Ta ce kwana uku ta yi tana cin gwaten, ta ɓoye shi a firij kamar marowaciya, yara ɗanɗane kawai suka samu. Ta ce cokalin farko da ta kai baki sai da ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Sannan ta ture kofinta gefe, ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"Na yi magana da Alhaji, ya ce in je. Asabar mai zuwa zan kawo wa Mama kularta. Ki kwatanta min gidan. In na baro babban titi, ta ina zan shiga?"

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi an miƙo min. Na buɗe baki zan fara kwatance, sai hanyar ta zo min a ido. In ta baro babban titi za ta karya ta wurin mai faci, ta wuce rumfar da maza ke zama shan giya tun azahar, ta wuce gidan maƙwabciyata wadda mijinta ya fita ranar rikici bai dawo ba, sannan ta tsaya a ƙofarmu ta fito da dogon mayafinta, layi duka na kallo. Na san ba abin da zai faru. Masu sayar da kayan miya da masu gyaran takalmi Hausawa kullum suna shiga layinmu suna fita lafiya. Ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya biyo baya ne. In ta zo, saura ni. Dole wata rana in haye gada, in wuce babbar kasuwa inda tafiyata takan tsaya, in shiga lungunan unguwarsu da ɗankwalina da sarƙar gicciye a wuya, in yi sallama a ƙofar da ban sani ba. Tsoro nake ji, tsoro tsagwaronsa, kuma ashe na daɗe ina jin sa ina kiransa da sunan girman kanta.

Na ji bakina yana cewa, "Titinmu ya lalace da ruwan nan, motarki ba za ta shiga ba. Ki bari sai damina ta wuce."

Akwai rami a titinmu, gaskiya ne, amma tankar ruwa ma tana wucewa ta kansa.

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka za ta ce za ta ajiye motar a bakin titi ta tako, ko ta hau keke, kuma da ta faɗa da ban san abin da zan ce ba. Sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ita ma tsoron take ji. Wata guda ta yi tana tara ƙarfin hali, ni kuma na sauke mata shi da magana ɗaya. Ta ce to, Allah Ya kai mu. Ta jawo kofinta, ta juya ƙanƙarar da tsinke, ta ce kular tana cikin but ɗin motarta, ta taho da ita ko da za a yi haka.

Muka ci kifin da aka kawo, muka ce ya yi gishiri. Ta je ta yi la'asar na yi gadin jaka. Da muka sauka ta buɗe but ta miƙo min kular, an wanke ta tana ƙyalli, an ɗaure ta cikin sabon ɗankwali, da nauyi. Ta ce in gaida Mama, in ce mata tana nan tafe. Na ce za ta ji. Ba mu kalli juna sosai ba.

Mama na baranda da na iso. Ta ga keke ya tsaya, ta ga ni kaɗai na fito, ta ga abin da ke hannuna. Na ajiye a gabanta na durƙusa ina kwance igiyar takalmi don kada mu haɗa ido. Ta kwance ɗankwalin ta buɗe. Dambun nama ne cike har baki, a sama kuma an ɗora 'yar kwalbar turare a leda. Na ce tana gaishe ki sosai, ta ce gwaten ya yi daɗi, titi ne ya hana ta, sai bayan damina.

Mama ta ɗebi dambun kaɗan da yatsu biyu ta kai baki, ta daɗe tana taunawa da sauran haƙoranta.

"Ita ta ce, ko ke kika ce?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta mayar da murfin kular, ta ce in shigar mata da ita ciki, in zo in kama ta ta tashi, sauro ya fara fitowa.